Daga Abdu Mumuni zuwa batirin litiyom: tarihin wutar sola a wajenmu

Yau in muka bi hanya daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, da wuya mu wuce gari ba mu hangi pano a kan rufin kwano ko bakin shagon caji ba. Yara sun ɗauka baƙon abu ne da ya zo jiya daga Sin. To, ba haka ba ne.

Tun 1965, kafin ma a kafa NIGELEC a 1968, Nijar ta buɗe ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL. Wanda ya ja ragamarsa daga 1969 zuwa 1985 ɗan jiharmu ne, Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. A ƙarƙashinsa aka ƙera tukunyar dumama ruwa da murhun girki masu aiki da zafin rana. Ilimi akwai shi, kuɗi ne babu: pano a lokacin sai gwamnati ko masu ba da agaji. Mu kuwa muna nan da aci-balbal da fitilar ƙwai.

Da kuran ya zo ma, ba namu ba ne. Wutar jihohin Maraɗi da Damagaram daga Katsina ake jawo ta, ta biyo Gazawa. Mun ga illar haka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wuta a farkon Agusta. Ƙasar da a lokacin take sayen kusan kashi 70 cikin 100 na kuranta daga maƙwabciya, ai kun san yadda ta kasance. Masu ƙanƙara, teloli, masu walda, kowa ya ji a jikinsa, har aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024.

Abin da ya sa sola ta zama mafita a wannan karon shi ne farashi. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin pano a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda masana'antun Sin sun cika kasuwa. Gwamnati ta gina tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023. Talaka kuma ya sayi nasa ƙaramin pano ya ɗora a soro.

Sai dai rana ba ta kwana, kuma a nan kuɗi ke shiga. Pano mai kyau yana wuce shekara 20, amma batir mai ruwa, irin wanda muka saba, zafin bazararmu na cinye shi cikin shekara biyu ko uku, balle in ana zuƙe shi ya wuce rabi kowane dare. Batirin litiyom ya fi tsada ranar saye, amma ana iya cin mafi yawan cajinsa, kuma yana daɗewa ninki-ninki. Shi ma farashinsa ya sauka ƙwarai tun 2010. Wanda ya canja batir mai ruwa sau uku, wallahi sau da yawa ya biya kuɗin litiyom bai sani ba.

Don haka kafin mu fidda jikkunanmu, mu lissafa abin da za mu kunna da dare: ƙwan fitila nawa, fanka, ko har da firij. Kada mu haɗa pano da batir kai tsaye ba na'urar daidaita caji. Batir ya zauna a inuwa, inda iska ke shiga, a riƙa goge ƙurar hunturu daga pano. Mai noman rani a fadamar Gulbi kuwa, famfonsa da rana yake aiki, ba lallai ya sayi batir ba. Tanki ya ishe shi ajiya.

Araha ba ta ado, jama'a. Allah ya jiƙan Abdu Mumuni, ya ba mu ikon sayen mai ƙarko.