Tanki ɗaya zai kai ka ina? Lissafin man babur a hanyoyin Arewa

Wanga bayani ne kan tambayar da duk mai babur ke yi wa kansa kafin ya tada inji: man da ke cikin tanki zai kai ni, ya kuma dawo da ni? Wanda ke waje yana shirin turo kuɗi a sai wa ƙanensa babur don kabu-kabu shi ma tambayar ta shafe shi, don a mai ne riba ke shiga ko ta fita.

Abu biyu ne ke yanke nisan da babur zai yi: yawan litar da tankinsa ke ɗauka, da yawan kilomitar da yake yi da lita guda. Na farko a rubuce yake cikin takardar babur, ba ya canzawa. Bajaj Boxer mai inji 150 na ɗaukar lita 11, TVS HLX lita 12, ƙananan nan da mata da ƴan makaranta ke hawa kuwa wajen lita 4. Na biyun shi ne mai gardama, don babu baburan da ke shan mai daidai da juna ko da ranar ɗaya aka fito da su daga kwali.

A kula da yadda ake rubuta shan mai. Takardun Faransanci na cewa lita kaza a kilomita 100. A Najeriya da Indiya kuma a kan ce kilomita kaza a lita ɗaya. Magana ɗaya ce aka juya. Babur mai shan lita 2 da rabi a kilomita 100 shi ne mai yin kilomita 40 da lita guda: ka raba 100 da 2 da rabi, 40 za ta fito. A lissafin Faransanci ƙaramar lamba ce mai kyau, a ɗayan kuwa babba. Kada mai sayarwa ya rikita ka da wannan.

Lambar da kamfani ke bugawa kuma an auna ta ne a wurin gwaji, da mutum ɗaya marar nauyi, babu rairayi, babu buhun gero a baya. Lambar da za ta yi maka amfani ita ce wadda ka auna da kanka, kuma auna ta ba wuya. Ka cika tanki har wuya a gidan mai, ka rubuta lambar da ke kan agogon kilomita. Ka yi harkokinka kwana biyu ko uku. Ka koma ka sake cikawa har inda ka cika da farko, babur a tsaye daidai, ka duba lita nawa ta shiga. Sai ka raba kilomitar da ka yi da wannan lita. A ce ka yi kilomita 180, aka zuba maka lita 4 da rabi: baburinka na yin 40 ke nan. Mun san agogon kilomita na baburan da yawa ya daɗe da mutuwa, waya ta tsinke ba a sake ta ba. To a yi amfani da tazarar da aka sani. Daga Ɗan Kassari zuwa Dogon Dutsi bisa kwalta kimanin kilomita 40 ne, zuwa da dawowa 80. Ka cika, ka je, ka dawo, ka sake cikawa. In lita 2 ta shiga, kana kan 40. In ta tasam ma 3, akwai magana.

Yanzu nisan tanki. Kar a lissafa da dukan litar. Baburanmu masu kafireta suna da famfo ƙarƙashin tanki mai wuri uku, ON da OFF da RES. RES ɗin nan ajiya ce, ɗan man da ke can ƙasan tanki, lita ɗaya zuwa biyu gwargwadon babur. Aikinta gargaɗi: in inji ya fara shaƙewa a kan ON, ka juya zuwa RES, ka nufi inda ake sai da mai. Wanda ya bar famfo a kan RES kullum, kuma suna da yawa, ya kashe wa kansa wannan gargaɗi. Ranar da babur zai tsaya masa, tankin ƙaf yake. Saboda haka tankin lita 11 a ɗauke shi a matsayin 9. A kilomita 40 kowace lita, 360 ke nan. Yamai ta haura kilomita 300 daga nan, don haka a takarda tanki ɗaya zai kai. Mu dai ba mu ba kowa shawarar gwadawa ba, tunda ga gidajen mai a Dutsi da Doso a kan hanya.

Wannan lissafin kwalta ne. Da zarar an sauka daga babbar hanya ta 1 an nufi Lugu ko Bagaji, ko an shiga rairayin Dallol Mawri wajen Matankari da Tibiri, lissafi ya sake. Taya na nutsewa, ana tafiya a giya ta ɗaya da ta biyu, inji na kuka amma ƙasa kaɗan ake ci. Ƙara fasinja biyu da akuya ranar kasuwa. Baburin da ke yin 40 a kwalta in ya sauko 28 a irin wannan hanya, litar nan 9 wajen kilomita 250 kawai za ta yi. Da damina kuma kwari ya cika, a yi zagaye, hanyar kilomita 15 ta koma 25. Matuƙan jiragen ruwa suna da ƙa'idar da ta dace da mu: kashi ɗaya cikin uku na mai don zuwa, ɗaya don dawowa, ɗaya a bar shi kamar babu.

Ƴan'uwa da ke Turai da ƙasashen Larabawa kan ga manyan baburan yawon duniya, su yi sha'awar turo irinsu gida. Ga abin da ya kamata a sani. Tarihin waɗannan babura da ƙasarmu a haɗe yake. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda Thierry Sabine ya shirya, ya tashi daga Faransa a ƙarshen Disamba 1978, ya bi ta Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya yi nasara a kan Yamaha XT500. A 1983 kamfanin Yamaha ya fito da babur da ya sa wa suna Ténéré, sunan hamadarmu, da tanki mai lita 30, don a can ana yin ɗaruruwan kilomita ba a ga mai sai da mai ba. Ténéré 700 na yanzu lita 16 yake ɗauka, wani samfurinsa 23. Honda Africa Twin na ɗaukar kusan 19, babbansa kusan 25. BMW R 1250 GS Adventure lita 30.

Girman tanki sai ya ruɗi mutum. Waɗannan babura na shan lita 4 zuwa 5 a kilomita 100, wato kilomita 20 zuwa 25 kowace lita, ninkin abin da Boxer ke sha. Ténéré mai lita 16 zai yi wajen kilomita 350 kafin ya nemi mai, kusan abin da Boxer ke yi da lita 9. BMW ɗin zai haura 550, amma cika shi sau ɗaya jika 15 ne. Nauyinsu kuma ba wasa ba: Ténéré ya ɗan haura kilo 200, BMW ya haura 260. In ya kwanta cikin rairayi mutum ɗaya ba zai tada shi da sauƙi ba. Ba su da kafireta, famfon lantarki ne cikin tanki ke tura mai, kwamfuta na auna shi. Famfon nan ba ya son datti, ba ya son ruwa, ba ya son a bar tanki ya bushe, don man ne ke sanyaya shi. In ya lalace bakaniken kasuwa da sukundireba ba zai iya masa komai ba. A ganinmu, kuɗin irin wannan babur guda ya sai wa gida babura ƙanana da yawa da za su ci da kansu.

Sai maganar inda man ke fitowa, don shi ma yana cikin lissafi. Man gidajen mai na fitowa ne daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwamba 2011, mai iya tace ganga dubu 20 a rana daga ɗanyen man Agadem, kamfanin SONIDEP ke rarraba shi. Shekaru da dama litar isansi na kan tamma 540. A Yuli 2024 gwamnati ta sauko da ita 499, dala ɗari ba tamma guda. Amma mu mazauna bakin iyaka mun daɗe muna rayuwa da ruwa-ruwa, man Najeriya da ake shigowa da shi ta wajen Illela da Bachaka a sayar a kwalba. A da yana da araha ne saboda tallafin da gwamnatin Najeriya ke biya a lokacin. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Masu shan ruwa-ruwa suka koma gidajen mai, buƙata ta yi wa matata yawa, aka ga dogayen layuka a Maris 2025. Duk wanda ya yi jiran nan ya san darajar lita ɗaya.

Har yanzu a ƙauye kwalba ce gidan mai, ba yadda za a yi. Sai dai ba kowace kwalba ce lita ba. Akwai mai lita guda cif, akwai mai santilita 75, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. A ce an sai maka ƙaramar a tamma 400, ka ji daɗi ka sami rangwame. Lissafa: litarta ta kama 533, ta fi ta gidan mai tsada. Araha ba ta ado. Ka ɗaga kwalbar ka duba gindinta a rana. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, don haka in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa kamar ƙwayoyi. Wanda aka gauraya da kananzir kuwa inji zai yi wuyar tashi da safe, ya yi ƙara kamar ana buga ƙarfe in an ja shi, buji ya yi baƙi. A tace da ƙyalle mai tsabta lokacin zubawa. Kuma in kana awon da muka faɗa a sama, da man famfo za ka yi shi, don awo da kwalbar da ba ka san girmanta ba aikin banza ne.

Me ke sa babur shan mai fiye da ƙima? Gudu ne kan gaba. Iskar da ke tare ka tana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa: ka ninka gudu biyu, turjiyar iska ta ninka huɗu. Ƙaramin babur ya fi sauƙin mai tsakanin 45 da 60 a giya ta ƙarshe. Mai murɗa totur har ƙarshe daga nan zuwa Ƙonni zai riga ka isa da ɗan lokaci, zai kuma riga ka neman mai. Sai taya: rage mata iska na taimakawa cikin rairayi, gaskiya ne, amma in an hau kwalta a mayar da iskar. Matatar iska a lokacin hunturu ƙura ke toshe ta cikin ƴan kwanaki, inji ya rasa numfashi, ya rama da mai. Ta soso a wanke ta, ta bushe, a shafa ɗan baƙin mai. Ta takarda a kakkaɓe, in ta gaji a sake. Cok da aka manta a ja bayan inji ya yi zafi, birkin da ke kamawa, sarƙar da ta bushe ko aka ɗaure tamau, kowanne na cin rabonsa. Tiyon mai da ya tsage kuwa da hanci ake gane shi. In babur ya kwana a zaure ka ji warin fetur da safe, kuɗinka ne ke tashi. A rufe famfo kan OFF da dare.

Akwai gyaran da muke so a yi hattara da shi. Mai babur ya je wurin bakanike ya ce a rage masa shan mai, bakanike ya matse kafireta har iska ta fi mai yawa. Kwana biyu za a ga sauƙi. Amma inji mai ƙarancin mai zafi yake yi, balle a watan Afrilu da Mayu, kuma ƙarshenta bawul ko fistan ne za su ƙone, a biya abin da ya ninka man da aka tsimi. Buji ne alƙali. A kwance shi a duba bakinsa: baƙi mai toka-toka, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema.

Ga ɗan kabu-kabu bambancin ba ƙarami ba ne. A ce yana yin kilomita 120 a yini. A 40 kowace lita, lita 3 zai sha. A 30, lita 4. Lita ɗaya ce tsakani, dala ɗari. A wata jika 15, a shekara jika 180. Mai babur da ke waje, in kana jiran balas daga gida kana ganin yana raguwa, kafin ka zargi yaro da cin amana ka sa a yi awon nan.

Ɗaukar jarka a dogon tafiya na da sharuɗɗansa. Fetur na kumbura da zafi, wajen kashi ɗaya cikin ɗari duk digiri 10, don haka kar a cika jarka ko tanki fal a bar su cikin rana. Robar ruwan sha ba ta dace ba. A kuma tuna halin tsaro. An hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a Janairu 2020, saboda ƴan bindiga da babura suke yawo, kuma mai neman kai musu mai da jarka yake tafiya. Jami'in tsaro da ya ga jarka biyu a bayanka zai yi tambaya. Kafin a bar yankinmu a tambayi hukuma dokar da ke aiki a inda za a je, a riƙe takardun babur da katin ɗan ƙasa.

A garuruwan da ke nesa da kwalta, babur ne motar asibiti. Naƙuda ko saran maciji da tsakar dare ba su jiran mai kwalba ya farka. Gidan da ke da mai ciki wata takwas ya kamata baburinsa ya riƙa kwana da man da zai kai likita mafi kusa, ya wuce har asibitin Dutsi in an tura, a lissafin rairayi da mutum uku a kai, ba lissafin kwalta ba. Masu ajiye lita 2 a gefe don irin wannan dare su sa ta a jarka mai murfi, a inuwa, nesa da madafa da ɗakin da yara ke kwana. Fetur kuma yana tsufa. In ya yi watanni a ajiye cikin zafi ƙarfinsa na tashi, ya bar danƙo mai toshe kafireta. Duk wata a juye na ajiyar cikin tanki, a sayo sabo a ajiye.