Asalin Sunayen Dabbobi a Karkarar Arewacin Kano

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, inda gona ke manne da gona, dabba a turke take kwana, takinta kuma ya koma gona. Dabbobin da suka fi daɗewa a wannan zama sunayensu na gida ne: akuya da bunsuru, tunkiya da rago. Tumakin da suka fi yawa a yankin ma ba a wahalar da su da wani suna ba, 'yan ƙasa kawai ake ce musu, don a bambanta su da baƙi.

Baƙin kuwa kowanne da sunansa ya zo. Uda, tunkiyar nan mai dogon kunne wadda gabanta baƙi ne ko ja, bayanta fari, ta ɗauki sunan Udawa, wani reshen Fulani makiyaya tumaki. Balami, ƙaton farin ragon da masu kiwon layya ke rububi, an fi danganta shi da ƙasar Barno.

A wajen shanu hannun Fulani ya fi fitowa fili. Bunaji su ne farare, rahaji jajaye masu dogon ƙaho, bokoloji kuma masu gajeren ƙaho da laɓɓa na ƙasar Sakkwato. Wannan "ji" da ke ƙarshen sunayen alamar jam'i ce a Fulatanci, amma Bahaushe ya karɓe ta yadda ya ji ta, har yakan kira sa guda ɗaya bunaji.

Ayarin Azbinawa masu kawo gishirin Bilma zuwa Kano ya bar nasa rabon. Kalmar raƙumi daga harsunan Buzaye da danginsu na Sahara ta samo tushe, haka ma amale, babban namijin raƙumi. Ingarma kuwa ta Barebari ce, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Barno ta daɗe da yin suna wajen dawaki. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara sunayen launin dawaki da jakuna masu yawa, irin su kili, bidi, danda da auraki, waɗanda suka fara ɓacewa a bakin matasa tun da babur ya karɓe aikin jaki da doki.

Sababbin sunaye ba su daina shigowa ba. Talotalo ya yi kama da sunan da Yarbawa ke kiransa, kajin gidan gona kuma a kasuwa "agirik" ake ce musu, daga sunan ma'aikatar gona a Turanci.