Janar ɗin da ya fitar da ƴaƴan sarki daga fada

A shekarar karatun da ta wuce, wani uba mai muƙami ya zo har bakin ajina don ya ji dalilin da ya sa na zaunar da ɗansa kusa da ɗan mai tura kura. Ban ba shi amsar kirki ba, baki ya yi mini nauyi. Sai da na koma gida na tuna da labarin Adolf von Deines, Bajamushen da ya fuskanci irin wannan tambaya daga gidan da ya fi kowane gida iko a ƙasarsu.

An haifi Deines a garin Hanau a 1845. Ya fara da karatun jami'a, sa'annan ya shiga rundunar sojan doki, ya halarci yaƙin Jamus da Faransa na 1870 zuwa 1871. Daga baya ya zama wakilin soja a ofishin jakadancin ƙasarsa a Sifaniya, sai kuma a Ostiriya. A can ne ya saɓa da Bismarck, don yana cikin hafsoshin da ke ganin gara a riga Rasha kai hari, shi kuwa tsohon waziri ba ya son soja su sa masa baki a siyasar waje.

A 1894 Sarki Wilhelm na Biyu ya damƙa masa tarbiyyar ƴaƴansa maza. Su shida ne, babbansu, yarima mai jiran gado, yana da shekara 12 a lokacin. Duk wanda ya taɓa koyar da ɗan mai gari ya san matsalar: yaron da fadawa ke rusuna wa da safe, yaya za a yi ka ce masa da rana lissafinsa bai yi daidai ba? A 1896 aka ɗauke manyan biyu daga Berlin aka kai su Plön, wani ƙaramin gari a arewacin ƙasar, tsakanin tafkuna. Aka zaɓo musu abokan aji daga makarantar horon soja da ke garin. Aka kuma ware musu gona a gaɓar tafki, inda suke koyon noma da kiwo da hannunsu. Wannan gonar ce ta fi burge ni. Jikokin sarakuna riƙe da hauya, ƙasa kuwa ba ta san ɗan wane ba.

Mahaifiyarsu, Sarauniya Auguste Viktoria, ba ta ji daɗin rabuwar ba, musamman da aka zo kan ƙananan. Ban ga laifinta ba. Amma na lura uban bai janye ba, kuma makarantar ta ci gaba har 1910, shekara goma bayan Deines ya koma aikin soja. Ya riƙe babbar runduna a Koblenz daga 1902 zuwa 1906, ya kai muƙamin janar na sojan doki, ya rasu a Frankfurt a 1911.

To, hikimar ta yi amfani? A nan nake rage murna. Abokan ajin nan ma zaɓaɓɓu ne, ƴaƴan manya masu shirin zama hafsoshi, ba ƴaƴan talakawa ba. An raba yaran da fada, ba a raba su da bariki ba, kuma wanda aka ba amanarsu shi ne mutumin da ya taɓa neman a gaggauta yaƙi. Yariman ya tashi da son doki da kakin soja. Shi aka ɗora a kan rundunar da ta kai harin Verdun a 1916, inda dubban ɗaruruwan matasan Jamus da Faransa suka hallaka. A 1918 ya bi ubansa gudun hijira zuwa Holand, gadon sarautar ya rushe, a zaɓen 1932 kuma ya fito fili ya goyi bayan Hitler.

Uban nan da ya zo ajina ya je wajen darakta, aka matsa mini. Yaron dai ya ƙare shekara a bencin da na sa shi, kuma ɗan mai kurar ne ya koya masa rabawa.