Fasahar Aro da Gonar Jama'a: Darasi Daga Tarihin Kadawa

Gabatarwa

Tun cikin shekarun 1980 ake wata gardama tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta, wadda har yau ba ta mutu ba. Manhaja dai iri biyu ce. Akwai ta kamfani, wadda mai ita yake ɓoye rubutun asalinta, ya sayar wa mutane izinin amfani da ita kurum, ba su da ikon buɗe ta su gyara, balle su ba wani. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda aka shimfiɗa rubutunta a fili, duk wanda ya iya ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya miƙa wa maƙwabcinsa. Richard Stallman ne ya fara kiran jama'a zuwa ga wannan hanya a Amurka cikin 1983, da aikin da ya sa wa suna GNU, sa'an nan cikin 1991 wani ɗalibi mutumin Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne: idan wani kamfani ya ƙago dabara mai kyau, shin ya dace masu buɗaɗɗiyar manhaja su ɗauke ta su sa cikin aikinsu, ko kuwa su ƙaurace mata don gudun kada wata rana mai abu ya zo ya karɓe abinsa?

Wani zai ce ina ruwan Bakano da wannan rigima. Amma manoman Kadawa, da na Kura da Bunkure da Garun Malam, sun fi shekara hamsin suna fama da wannan tambaya a gonakinsu, ko da yake ba da wannan suna suka san ta ba. Sanin noma gadon jama'a ne, ba shi da makulli: ɗa yana koyo wurin uba, maƙwabci yana roƙon iri wurin maƙwabci. Cikin wannan gado ne aka shigo da madatsa da tarakta da irin kamfani. Abin da ya sami kowane ɗayansu zai taimaka wajen warware gardamar.

Kafin Zuwan Kanal

Da farko ya kamata a kawar da zaton cewa akwai wani noma na gargajiya wanda bai taɓa aro ba. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk asalinsu nahiyar Amurka ne, babu ɗayansu da ya zo ƙasar Hausa kafin ƙarni na 16. Jigo, wanda masu lambu suka daɗe suna ɗebo ruwa da shi a bakin rafi, an san shi a Masar tun zamanin Fir'aunoni. Alkama ma baƙuwa ce daga arewa, an kuwa daɗe ana noma ta kaɗan-kaɗan a fadamun Kano don alkaki da taliya da finkaso.

Dukkan waɗannan sun zama 'yan gida saboda dalili guda, watau ranar da suka iso, sun iso ke nan gaba ɗayansu. Wanda ya ga jigo sau ɗaya zai iya sare itace ya kafa nasa. Wanda aka ba tiyar masara zai iya ware iri daga abin da ya girbe, ya shuka baɗi, ya ba wani. Babu wanda ya rage a wata ƙasa riƙe da wani sashe na abin, wanda sai an koma wurinsa.

Tiga da Kadawa

An ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, aka naɗa Audu Bako gwamnanta, ya riƙe ta har 1975. Ya ɗauki tare ruwa da muhimmanci ƙwarai. Aka fara da madatsar Bagauda, wadda ta ba gonar gwaji ta Kadawa ruwa, sa'an nan aka gina babbar madatsa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta cikin 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa. Wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO shi ya tsara aikin ban-ruwan, aka yi nufin kashi na farko ya shayar da hekta 22,000. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are.

Abu mafi kyau cikin tsarin shi ne ruwan gangarowa yake yi da kansa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana har bakin gona, ba a bukatar injin da zai tura shi. Ilimin na baƙi ne, amma da aka gama gini sai ya zauna a ƙasa, inda ido ke ganinsa. Shi ya sa, duk da shekarun da aka yi ana sakaci da yashe magudanai, ruwa bai daina isa gonaki masu yawa ba.

Alkama: Buɗaɗɗen Iri, Rufaffen Tsari

Babban burin gwamnati a Kadawa shi ne alkama. Tun da aka fara niƙa alkamar ƙetare a Apapa cikin 1962 cin burodi yake yaɗuwa, kuɗin ƙasa suna fita. Irin da aka kawo, kamar Siete Cerros, ya fito ne daga cibiyar CIMMYT ta ƙasar Meziko, inda Norman Borlaug ya yi aikin da ya jawo masa lambar Nobel cikin 1970. Wannan cibiya ba ta kasuwanci ba ce, kyauta take rarraba irinta ga cibiyoyin bincike na ƙasashe, manomi kuma yana iya ajiye shi ya sake shukawa. Ta wannan fuska irin buɗaɗɗe ne sarai.

Amma fa irin bai zo shi kaɗai ba. Alkama tana son sanyin hunturu, don haka tilas a shuka ta wajen tsakiyar Nuwamba, in an makara zafi ya riske ta tana fure, amfani ya ragu. Tana son taki mai yawa da ruwa a kan kari. Gyaran ƙasa kuwa da taraktar hukuma aka tsara shi. Manomi ba ya iya gyara tarakta, kayan gyaranta daga ƙetare suke zuwa, da kuɗin mai suka ja baya cikin shekarun 1980 sai samunsu ya yi wuya. Daɗin daɗawa, dawa, wadda ita ce abincin gida, ba ta nuna da wuri, sai ta yi karo da lokacin alkama, aka matsa wa manoma su bar ta a filin aikin. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin a ƙarshen shekarun 1970 daga Jami'ar Ahmadu Bello, ta nuna cewa ƙananan manoma da yawa ba su iya ɗaukar tsadar noman rani ba, suka riƙa ba masu hali hayar gonakinsu. Cikin 1985 Gunilla Andrae da Bjorn Beckman suka buga littafi suna kiran lamarin duka tarkon alkama. An hana shigo da alkama cikin 1987, a farkon shekarun 1990 aka janye hanin, ƙasa ba ta ciyar da kanta ba.

Darasin a nan shi ne, abu yana iya zama kyauta kuma a buɗe, amma in ba ya aiki sai da wani abu wanda ke kulle a hannun wani, to, 'yancin da ke cikinsa kaɗan ne.

Injin Ban-ruwa da Irin Tumatir

Sai kuma a dubi ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda ya bazu a fadamun Kano cikin shekarun 1980. Kamfanonin Japan irin su Honda ne suka ƙera shi, don riba suka ƙera shi, ba su tambayi ra'ayin kowa ba. Duk da haka ya karɓu fiye da tarakta nesa ba kusa ba, har ya kusa kore jigo. Dalili kuwa, bakanike na bakin kasuwa yana iya kwance shi ya ga cikinsa, ya gane ciwonsa, ya ɗaura. Kayan gyaransa sun cika kasuwa, daga baya masana'antun Sin suka yi ta ƙera makamantansa da araha. Wanda ya saya ya mallaka, ba ya jiran izinin kowa kafin ya tayar da shi.

Tumatir, wanda ya sa sunan Kadawa da kasuwar Kwanar Gafan ya kai har Ikko, ya nuna fuska biyu. Irin da ake kira UC82B daga Jami'ar Kalifoniya ya fito, manomi yana matse 'ya'yansa ya shanya ya shuka, ya sami abin da ya shuka bara. Irin haibirid kuwa, wanda kamfani ke samarwa ta hanyar haɗa tsirrai biyu da shi kaɗai ya san su, ya fi yawan amfani, amma in aka ajiye 'ya'yansa aka shuka sai su fito barkatai. Kowace shekara sai an koma kanti. Wannan ba ya nufin manomin da ya saye shi ya yi wauta, sau da yawa lissafinsa yana fita. Abin lura shi ne farashi da samuwar irin ba a hannunsa suke ba, kuma ranar da Naira ta faɗi shi zai ji a jikinsa.

Waken Samaru

Misalin da ya fi kusa da gardamar masu manhaja shi ne na wake. Akwai wata tsutsa, Maruca, mai huda furen wake da kwansonsa, wadda takan cinye mafi yawan amfanin gona in ba a yi feshi ba. Masana sun daɗe suna neman irin wake mai jure mata ba su samu ba. A wancan lokaci kamfanin Monsanto na Amurka yana da wata ƙwayar halitta, wadda aka samo daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, mai kashe irin wannan tsutsa. Ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi aka sami lasin amfani da ita ba tare da biyan kuɗin mallaka ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ta sa ta cikin wake, aka fitar da shi ga manoma cikin Disamba 2019 da sunan SAMPEA 20-T.

Ga cibiya ta jama'a ta ɗauki fasahar kamfani. Masu goyon baya suka ce feshi ya ragu, kuma wake ba haibirid ba ne, ana iya ajiye irinsa. Masu suka suka ce kyautar ɗan kasuwa ba ta rasa dalili, yau an buɗe ƙofa da wake, gobe a shigo da abin da za a biya. Tun da Nijeriya ta kafa dokar kare haƙƙin masu ƙago irin shuka cikin 2021, wannan tambaya ta ƙara nauyi, domin yanzu iri yana iya zama dukiyar da doka ke tsare wa mai ita. Hukunci a kan irin wannan kyauta yana cikin takardar lasin: me aka bayar, har zuwa yaushe, kuma ana iya janyewa ko ba a iyawa.

Komawa ga Manhaja

Masu manhaja sun ɗanɗana duka biyu. Cikin 2002 Torvalds ya ɗauki wata manhajar kamfani mai suna BitKeeper don tsara aikin masu gina Linux, saboda ta fi duk buɗaɗɗun da ake da su a lokacin. Kyauta aka ba su, amma rubutunta a rufe yake, da sharuɗɗa. Stallman ya yi gargaɗi, ba a saurare shi ba. Cikin 2005 saɓani ya auku, kamfanin ya janye kyautarsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Sai da Torvalds ya ajiye aikinsa ya rubuta Git, wadda ta maye gurbinta, kuma ba kowace al'umma ce take da mai iya yin haka cikin 'yan makonni ba.

Ga kuma ɗaya fuskar. Kamfanin Sun ya sayi manhajar ofis mai suna StarOffice cikin 1999, ya buɗe rubutunta cikin 2000 bisa lasin da ba a iya janyewa. Da kamfanin Oracle ya saye Sun cikin 2010, masu aikin suka ji ba su natsu da sabon mai gida ba, sai suka ɗauki rubutun suka ci gaba da shi da sunan LibreOffice. Asalinta na kamfani ne kamar BitKeeper, amma an ba da ita kamar yadda ake ba da tiyar masara, da irinta a ciki.

Kammalawa

Tarihin Kadawa bai goyi bayan masu cewa a guji duk abin da ya fito daga kamfani ba, domin da an bi su da har yanzu ana kan jigo. Bai kuma goyi bayan masu cewa a karɓi duk abin da ya fi aiki a yau ba, domin tarakta ta fi garma aiki, amma ta bar manomi yana jira har lokacin shuka ya wuce. Abin da ya raba baƙon da ya zauna da wanda ya zama kaya shi ne sharaɗin da ya zo da shi.

Ɗaliban yau su ne za su zauna a ofisoshin da ake sa hannu kan sayen iri da injuna da manhajar ajiye bayanan albashi da haraji da filaye. Kafin a sa hannu akwai tambayoyi uku da manomin Kura zai gane su nan take. Idan abin ya lalace, akwai wanda zai iya buɗe shi ya gyara a nan gida? Ana iya ajiye irinsa, watau a kwafa, a ƙara, a ba wani, ba tare da komawa neman izini ba? Ranar da mai shi ya janye, ko ya ninka kuɗi, ko aka saye kamfaninsa, me zai rage a hannun jama'a? In amsoshin sun gamsar, to, a karɓa ko daga ina ya fito. In kuwa ba su gamsar ba, kuma tilas ta sa a karɓa, to, a rubuta cikin yarjejeniya yadda za a fita da bayanan jama'a lafiya, a kuma ci gaba da kula da ɗan abin da ake da shi a gida, kamar yadda mai hankali yake ajiye damin iri a rumbu ko da ya sayi na kanti.