Fentin Mota da Hanyar Tagris

Motar da ke jigila tsakanin Dakoro da Tagris, a jikinta ake karanta inda ta bi. Gefenta duk zane ne dogo-dogo na ƙayar aduwa da farar ƙaya, hancinta ya dushe saboda yashi, rufinta kuma rana ta cinye shi. Mu masu fenti a garejin Maraɗi, irin waɗannan motoci muka tashi muna gyarawa. Yanzu kuwa dillalai a Yamai da Kano sun fito da wani ruwa da suke kira seramik, suna cewa in an shafa wa mota shi, fentinta ya tsira shekara da shekaru. Alhazai da direbobi kan zo su tambaye mu ko a biya kuɗin. Amsar tana cikin yadda fentin kansa ya sauya a hannunmu.

Lokacin da na shiga koyon sana'a, Peugeot ce sarauniyar hanya: 404 mai tampol da 504, da yawansu daga masana'antar Kaduna da ta fara haɗa motoci a 1975. Fentinsu shimfiɗa ɗaya ne, launi da sheƙi a haɗe. In ya dushe sai a sa man gogewa a murza, tsumma ya kwaso mataccen launi, sabo ya fito daga ƙasa. A gareji kuma fentin seluloz muke fesawa, jikan Duco ɗin da kamfanin DuPont ya fitar, wanda General Motors ya fara sa wa motocinsa ƙirar 1924, ya mayar da bushewar fenti daga makonni zuwa sa'o'i. Turai ta bar shi tuntuni, mu muka riƙe shi, don yana bushewa kafin ƙura ta sauka a kai, kuma a fili muke aiki. Kariyar da muka sani a lokacin kaki ne, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a Brazil. Yana sa mota ta yi kyau ƙwarai, amma zafin watan Afirilu ba ya barinsa ya daɗe.

A shekarun 1980 masana'antu suka koma shimfiɗa biyu: launi a ƙasa, verni garai-garai a sama. Mu abin bai iso mana sosai ba sai bayan karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da sabuwar mota ta gagari mutane, tsofaffin motocin Turai suka riƙa kwararowa ta tashar Kwatano. Maraɗi ta zama zangonsu, wasu su tsaya nan, wasu su wuce Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, har Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga farkon 2017. A nan muka ga cutar da ba mu saba da ita ba. Duk fentin mota daga masana'anta kaurinsa bai wuce mikron 100 zuwa 150 ba, verni a ciki kamar 40 zuwa 50 ne, bai kai silin gashin kai ba. Sinadarin da ke tare hasken rana a cikin verni yake. Ranar da ya ƙare, sai verni ya yi fari, ya fara saɓulewa daga rufi da murfin inji. Babu man da ke dawo da shi, sai dai a kankare a sake fesawa. Tsoron wannan saɓulewa shi ne kasuwar masu sayar da kariya.

Sana'ar tasu ta girme mu. A 1959 Kurt Ziebart ya buɗe shagon maganin tsatsa a Detroit ta Amurka, ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ƙarfe yana ruɓewa. Dillalan can suka gane cewa ribar irin wannan ƙari takan yi kauri, sai ya zama al'ada a liƙa shi cikin kuɗin mota. Seramik kuwa daga Japan ya fara yaɗuwa a farkon shekarun 2000. Ruwa ne mai sinadarin silika, in ya sha iska ya daskare ya zama fata siririya, mikron 1 ko 2. Ba zan ce ƙarya ba ne, don na shafa shi da hannuna na ga aikinsa. Ruwa ba ya zama a kai, kashin tsuntsu da ƙaron bishiya ba sa saurin cin verni, wanki ya yi sauƙi, kuma ya fi kaki daɗewa nesa ba kusa ba.

Inda muke rabuwa da dillalai shi ne maganar karce. Suna nuna wa mai saye lamba 9H a jikin kwalba, alhali wannan ma'aunin taurin fensir ne: fensir mafi tauri bai karce shi ba. Yashin da iska ke ɗaukowa kuwa ya fi verni da seramik tauri da nisa, har gilashi yana ci. Duk wanda ya duba gilashin gaban motar da ta shekara tana bin dajin Dakoro zai ga ƙananan ramuka birjik. Abin da ya huda gilashi, fatar mikron 2 ba za ta tare shi ba, balle ƙaya. Sannan ga hunturu, lokacin da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi take lulluɓe mu. Da asuba karen mota zai ɗauki busasshen tsumma ya bi mota da goga, don ruwa a rijiya mai zurfi yake kuma dabbobi na jira. Wannan goga ita ke kashe fenti fiye da komai. In an sami ruwan kuma, da Omo ake wankewa a tsakiyar rana, ya bushe ya bar tabo.

Akwai abin da ya fi damuna. Aikin seramik na gaskiya kusan duk shiri ne: a wanke, a cire datti da ya kama, a goge karce da inji, a share maiƙo, sannan a shafa a ɗaki rufe, mota ta kwana ba ruwa ba ƙura. Wannan yini guda ne ko biyu. Abin da ake fesawa a filin sayar da motoci cikin rabin sa'a, sau da yawa man sheƙi ne na ƴan watanni. Kuma motocin da ke isowa gare mu da yawa an taɓa jikinsu a hanya, an cike lotsawa da mastik an fesa. Masana'anta tana gasa fentinta a zafi kamar digiri 140, namu rana ce ke busar da shi, don haka yana buƙatar wata ɗaya zuwa uku yana fitar da diliyan, wato ruwan da aka tsinka fentin da shi. In aka rufe shi da wuri, daga baya ya dushe ko ya yi ƙuraje, sheƙin kuma ya ɓoye wa mai saye inda aka yi gyara. Takardar garanti ma takan ce a riƙa dawo da mota ana dubawa, kuma ba ta ɗaukar karce. Daga Maraɗi zuwa wurin dillalan a Yamai ya fi kilomita 600, balle daga Tagris.

Abin da ke tare tsakuwa da gaske leda ce mai kauri, mikron 150 zuwa 200, wadda kamfanin 3M ya fara yi wa sojan Amurka don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu a yaƙin Biyetnam. Tana da tsada, kuma mai arha cikinta rana tana mayar da ita rawaya. Wanda ya sayi sabuwar Land Cruiser ko Hilux, nakan ce masa: "Alhaji, in za ka kashe kuɗi, sa wa hanci da gefen madubi leda mai kyau, ka bar sauran." Mai motar gari da fentin masana'anta da wurin ajiya a inuwa, seramik zai yi masa amfani, muddin ya tsaya ya ga shirin da idonsa. Mai motar kasuwa da ke bin Tagris kuwa, kuɗin ya fi kyau a rumfar zana da zai riƙa ajiye ta, da jarkar ruwa da za a kwarara kafin tsumma ya taɓa jiki. Abin da ya rage ya adana, don bayan ƴan shekaru sai an sake fesa rufin da murfin inji ko an shafa ko ba a shafa ba.