Daga Auduga Zuwa Leda: Yadda Roba ta Mamaye Kudancin Garin Kaduna

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Ba a jima ba Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Ƙetaren gada, wato kudancin garin, ya cika da ma'aikata daga ƙasar Katsina da Kano, daga Kafanchan da Filato da Binuwai, har da kudancin ƙasa. Makera da Nasarawa da Barnawa suka bunƙasa da albashin masaƙa.

Matar ma'aikaci a wancan zamani, in za ta kasuwar Monday, da kwandonta take fita. Manja a kwalba ake zuba mata, gari a kwano, gishiri a ƙunshin takarda. Mai ƙosai jarida take yagowa, mai tsire takardar siminti, alala kuwa a ganye ko gwangwanin madara ake dafa ta. Kwalbar lemo ba a jefarwa, domin sai ka mayar da ita kafin a ba ka wata. Abin da ke zuwa bola toka ce da ɓawo da ganye da kashin dabbobi, shi ya sa masu lambu a bakin kogi ke kwasarta su zuba a gona. Ba ina cewa unguwannin tas suke ba. Magudanun Makera da Kakuri sun daɗe suna kai ruwan rini da soda cikin kogin Kaduna, kuma mazauna gefensu sun sha wari. Amma dattin gida na ruɓewa ne, ƙasa na cinye shi.

Abin da zai sauya wannan duka an riga an ƙera shi a nesa. A 1933 masana sinadarai na kamfanin ICI a Ingila suka gano robar da ake yin leda da ita. A 1941 wasu ma'aikatan kamfanin buga atamfa a Manchester suka samo robar da daga baya ta zama zaren foliyesta da gorar ruwa. A 1965 kamfanin Celloplast na Suwidin ya yi rajistar leda mai hannu biyu, ƙirar injiniyansa Sten Gustaf Thulin, wadda yau kowane mai kayan miya ke miƙo maka. Kusan dukansu daga man fetur da iskar gas ake samo su. A 1950 robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cewa a 2019 ta kai tan miliyan 460.

Roba ta fara shigowa gidajenmu da alheri, kuma dole a faɗi haka. Bokitin roba ya fi na ƙarfe sauƙin ɗauka ga yarinyar da ke ɗebo ruwa, butar roba ba ta tsatsa, takalmin roba ya rufa wa talaka asiri da damina, sirinjin da ake amfani da shi sau ɗaya ya ceci rayuka a asibiti. Waɗannan kaya ne da ake morewa. Matsalar ta taso ne da robar da aka yi ta don a jefar bayan minti biyar, kuma a kudancin Kaduna ita wannan ta sami gindin zama ne daidai lokacin da arzikin unguwannin ya fara zubewa.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Wanda a da yake sayen kwalbar mai ya koma sayen na ƙulli. Sukari, omo, man gyaɗa, tumatirin gwangwani da aka raba cokali-cokali, kananzir, kowanne da 'yar farar ledarsa. Masaƙun kuma suka shiga halin ni-'yasu saboda rashin wuta, tsadar baƙin mai da kayan fasa-ƙwauri. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Dubban magidanta suka koma acaɓa da tireda, matansu suka koma sayar da abinci da kunu a bakin titi. Ƙaramin ciniki kuwa ba ya yiwuwa yau sai da leda: ita ce mudu, ita ce kwano, ita ce jakar mai saye. Abin baƙin ciki, cikin yadi mai araha da ya kori na Kakuri daga kasuwa akwai haɗin foliyesta. Garin da ya ciyar da iyalai da audugar Funtuwa da Gusau ya wayi gari yana sanye da roba.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce gundarin labarin. Gari ya faɗaɗa zuwa Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, bututun gwamnati bai bi shi ba, inda ya kai ma famfo ya riƙa ƙafewa. Da farko yara ke yawo da ruwan sanyi a bokiti, kofi ɗaya kowa ya sha. Daga nan aka koma ƙulla shi a leda da hannu. A shekarun 1990 injin liƙe leda ya shigo, aka haifi fiya wata. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta matsa wa masu sana'ar lamba su yi rajista, musamman bayan Dora Akunyili ta karɓi ragamarta a 2001. Wannan ya taimaka wajen tsabtar abin da ke ciki. Ba a ɗora wa kowa alhakin ledar ba bayan an tsotse ruwan. Jaka ɗaya guda ashirin ce. Ka lissafa gidan biki ɗaya, ko tashar mota ta Television a rana ɗaya ta bazara, ka ga inda lissafin zai kai.

Ruwan farko na damina shi ke tona asiri. Ka tsaya kan kwalbati a Makera bayan an ɗauke ruwa: ledar fiya wata, baƙar leda, gorar lemo, farin mazubin abinci na soso, kunzugun jarirai, duk sun cushe a bakin kwalbatin sun haɗu da yashi sun zama bango, ruwa ya rasa hanya ya juya cikin gidaje. Matasan unguwa su shiga da shebur su kwashe, su tara a bakin lambatu, ruwa na gaba ya mayar da shi. Ambaliyar da ta ci gidaje a bakin kogin Kaduna a 2003 da 2012 ba leda kaɗai ta jawo ta ba, akwai gine-gine a hanyar ruwa da tumbatsar kogin kansa. Amma ƙananan ambaliyoyin da ke shiga ɗakunan mutane kowace shekara, waɗanda ba sa shiga labarai, mafi yawansu daga toshewar magudana suke. Ruwan da ya kwanta a gora da leda kuma gidan sauro ne.

Mahauta sun san wani ɓangaren. Sukan farka tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwo a bola su ciro dunƙulen leda da igiya, ya murɗe ya yi tauri. Dabbar tana ci ba ta ƙiba, mai ita yana ta sayen magani. Masu lambu su ma yanzu sai sun tsince takin bola kafin su zuba, duk da haka fartanya na tono leda, kuma inda ta kwanta saiwa ba ta ratsawa. Abin da ba a kwashe ba a cinna masa wuta da yamma, hayaƙin ya gauraya da ƙurar hunturu, yara da tsofaffi masu asma su kwana suna tari. Wasu matan ma da leda suke kunna gawayi.

Sauran kuma kogi ya tafi da shi. Kogin Kaduna ya bi ta Shiroro da Zungeru ya faɗa Neja, Neja ta kai teku. Wani bincike da masana a Jamus suka fitar a 2017 ya sa Neja cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. A shekarar ce kuma wasu masana a Amurka suka lissafa cewa ɗan'adam ya ƙera roba tan biliyan 8.3 zuwa 2015, kuma cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin ɗari kacal aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran na jibge a bola ko warwatse a ƙasa da ruwa. Ba ta ruɓewa, sai dai rana ta farfasa ta ta zama ɓurɓushi. A 2022 masu bincike a Holan suka sami irin wannan ɓurɓushi a jinin mutane.

Waɗanda suka fi kowa rage wannan kaya a Kaduna su ne 'yan bola jari, ba tare da safar hannu ko godiya ba. Suna tsintar abin da ke da nauyi a sikeli: ƙarfe, alminiyum, fasasshen bokiti, gorar ruwa da masu zoɓo da kunun aya ke saye. Baƙar leda ba ta da nauyi ballantana kuɗi, don haka take zama inda ta faɗi. A ƙauyen Sabon Yelwa kusa da Kaduna, ƙungiyar DARE ta gina gida da gorunan roba cike da yashi a 2011. Dabara ce mai kyau, sai dai gorunan da gari ke zubarwa sun fi ƙarfin magina.

Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002 bayan ta ga yadda take toshe magudanu lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. Legas ta hana mazubin soso a farkon 2024. Ƙasashen duniya sun amince a Nairobi a 2022 za su ƙulla yarjejeniya kan roba, amma zaman Busan na 2024 da na Janeba na 2025 sun watse ba a daidaita ba, musamman kan batun rage yawan ƙerawa. Ina goyon bayan hana baƙar leda da mazubin soso a Kaduna, domin kwando da kwano suna nan. Fiya wata daban ce. Wanda ya hana ta a Sabon Tasha kafin famfo ya kawo ruwa, ya tura mutane ga rijiyar da ke kusa da masai, ya gayyato kwalara da taifot. A fara da gyaran bututu, a kuma wajabta wa kamfanonin lemo da na ruwa su sayi gora da ledarsu a kan farashin da zai sa ɗan bola jari ya sunkuya ya ɗauka, yadda aka taɓa yi da kwalba. Hukumar kare muhalli ta jihar, KEPA, tana da hurumin fara wannan magana da su.