Yadda Malamai Da 'Yan Kasuwa Suka Tare Yaƙin Nijar A 2023

A Sabo ta Ibadan aka haife ni, mahaifina dillalin shanu ne, shi ma ya gada daga nasa mahaifin. Yawancin fataken da ke sauka gidanmu daga Maradi da Birnin Konni suke. Shi ya sa da aka fara maganar yaƙi da Nijar a 2023, ko da Baba ya kashe rediyo maganar ba ta fita daga gidanmu.

An kafa Sabo a 1916, amma hanyar da ta kawo kakanninmu ta girme ta nesa ba kusa ba. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro. Madugu na gaba, a kowane zango akwai maigida mai ba da masauki da tsaya wa baƙo, ga malami mai raba gardama. Babu gwamnati ɗaya da ta mallaki hanyar baki ɗayanta, amana ce ta riƙe ta. Lokacin da aka kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, aka biyo da yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, abin da talakawa suka daɗe suna yi ne aka rubuta a takarda.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka ba sojojin kwana bakwai su mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. A wurinmu shanu suka yi ƙaranci, kuma akwai fataken da Baba ke riƙe da kuɗinsu waɗanda suka rasa hanyar zuwa karɓa. Na ga ya ƙulle kuɗin nan a akwati wata da watanni, ko da muka shiga matsi bai taɓa su ba.

Tawagar da ECOWAS ta aika, ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi, ta je Yamai ta dawo ba ta ga Janar Tchiani ba. To daga nan ne waɗanda ba su riƙe da muƙamin gwamnati suka shigo. Ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi na biyu, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano, ya samu ganin Tchiani. Ranar 12 ga wata tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi, ta dawo da labarin cewa a shirye yake a tattauna. Mako guda bayan haka Abdulsalami ya koma, wannan karon ya ga Tchiani, ya ga Bazoum.

A gida ma jama'a ba su yi shiru ba. Ƙungiyoyin addinin Musulunci da na farar hula sun fito sun ce ba su yarda ba, limaman cocin Katolika na Afirka ta Yamma su ma haka, a Kano har zanga-zanga aka yi. Majalisar Dattawa ta shawarci Shugaba Tinubu da ya bi hanyar sulhu. Dalilin a fili yake: jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma harshe ɗaya ne, aure ɗaya, kasuwa ɗaya.

Gaskiya ɗaya ce, ba duka aka samu ba. Bazoum bai koma mulki ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES a Satumba 2023, suka fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Amma ba a harba ko harsashi ɗaya tsakanin ƙasashen biyu ba, an janye takunkumi a Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris. Fataken Baba sun zo sun karɓi kuɗinsu cif.

Abin da ke damuna shi ne ba a tuna da malami da sarkin zango da shugaban 'yan kasuwa sai wuta ta kama. Da an ji ta bakinsu kafin a ba da wa'adin kwana bakwai, da wataƙila ba a kai ga rabuwa ba. Mu mazauna kurmi mun san wannan, domin duk ranar da rigima ta tashi a gari, Sarkin Hausawa da dattawan masu gari ne ke fara zama kafin jami'an tsaro su iso. Don haka ina roƙon matasanmu, mu riƙa halartar taron ƙungiyoyinmu na kasuwa, mu san dattawan makwabtanmu tun ana zaman lafiya.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalam.